Kalar furanni a lambu da kwanciyar hankali

Tsara lambu da kala wata dabara ce ta zaɓen furanni da ganyayyaki gwargwadon launinsu, ba don ado kawai ba, har don yadda mutum zai ji a ransa in ya zauna a wurin. Ana ganinta a lambunan asibitoci da gidajen kula da tsofaffi a Turai da Amurka, amma ko mai tukwanen fulawa biyar a tsakar gida yana iya yin nasa.

Masu harkar sun raba launuka gida biyu. Akwai masu zafi, wato ja da ɗorawa da ruwan lemo, su ne masu fizgar ido, ko suna can nesa sai ka ga kamar sun matso kusa da kai, shi ya sa ake zuba su a bakin ƙofa ko inda ake zaman hira. Masu sanyi kuwa irin su shuɗi da shunayya da kore ja da baya suke yi a ido, ƙaramin fili sai ya zama kamar yana da zurfi, kuma su ake sawa a lungun da ake so mutum ya zauna shiru. Fari nasa daban ne. Da magariba in haske ya ragu jan fure shi ke fara komawa baƙi-baƙi a idon mutum, fari da shuɗi kuwa suna nan ana ganinsu, to wanda ba ya samun zama a gida sai ya taso daga aiki gara ya yawaita fari. Shahararren farin lambun nan na Sissinghurst a yankin Kent na Ingila, wanda Vita Sackville-West ta dasa wajen 1950, kusan duk fararen furanni ne da ganye mai ruwan toka.

Wadda ta fi yin suna a wannan fage ita ce Gertrude Jekyll (1843–1932), 'yar Ingila da ta fara da koyon zane kafin matsalar ido ta karkata ta zuwa lambu. Ta tsara lambuna sama da 400. A gidanta na Munstead Wood ta yi wani dogon layin furanni da ya fara da ruwan toka da shuɗi da fari, a hankali ya shiga ɗorawa mai haske, ya kai ja wur a tsakiya, sannan ya sake hucewa zuwa ɗaya ƙarshen. Hikimarta ita ce ido ya huta tukuna kafin ya haɗu da launi mai ƙarfi.

Ta fannin bincike kuwa, hujjar da ta fi ƙwari a kan ganin tsirrai take, ba wata kala ɗaya tilo ba. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya wallafa wani nazari a mujallar Science kan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar maɗaciya a wani asibiti a Pennsylvania. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon bishiyoyi, rabi kuma bangon bulo. Masu kallon bishiya sun yi kusan kwana 8 kafin a sallame su, na bango kusan 9, kuma na farkon ba su sha maganin kashe zafi mai ƙarfi da yawa ba. Rachel da Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan su ma sun yi bayanin cewa kallon tsirrai na hutar da ƙwaƙwalwar da ta gaji da maida hankali. Amma jadawalin nan da ake yaɗawa a intanet, wai shunayya maganin damuwa ce, ɗorawa ta kori baƙin ciki, wannan kam talla ta fi yawa a ciki. Fure ba ya maye gurbin likita ga mai ciwon damuwa na gaske.

Kuma ma'anar kala ba ɗaya ba ce ko'ina. A China da Indiya fari launin makoki ne a al'ada, a Faransa ma akwai furen da ake kaiwa maƙabarta farkon Nuwamba, ba a kai shi kyauta gidan mutane. Rana ma tana da tata. Launuka masu laushi da ke kyau a ƙarƙashin gajimaren Ingila in suka shiga rana mai ƙuna sai su koɗe, wannan ne ya sa lambun Majorelle na Marrakesh a Maroko ya tafi da shuɗi mai kauri da tukwane masu ruwan ɗorawa.

A ƙasar Hausa inda ruwa ke wahala da rani, masu jure fari su ne abin yi. Kariya tana ba da fure ruwan hoda ko da ganyenta ya zube (sai dai ƙaronta guba ne, a nisanta ta da yara), runhu na ba da fure ruwan ɗorawa, minjirya ja, zogale da lalle kuma fari, ga ƙamshin furen lalle da daddare. Masu tsara lambu dai sukan ce kore ya fi yawa, sauran launukan biyu ko uku sun isa, don in aka cika su ido ne ke gajiya.