A tace ruwa kafin a sa masa kulorin

Ranar rigakafi wata uwa ta tare ni da ƙwayar Aquatabs a tafin hannu. "Malam, an ce maganin ruwan nan da kuke rabawa yana jawo ciwon daji, wai haka ne?" A waya ta ji. Na ce, Hajiya zauna, maganar tana da tushe, sai dai an gutsure ta.

Kulorin, wato sinadarin da ƙwayar Aquatabs ke saki a ruwa don ya kashe ƙwayoyin cuta, ba ya tsayawa kan ƙwayoyin cutar kaɗai. Idan ya tarar da ruɓaɓɓen ganye, kashin dabbobi ko gansakuka sun narke a ruwa, yana haɗuwa da su ya haifar da wasu sinadarai. Waɗanda aka fi sani su ne rukunin da ake kira trihalomethanes (THM) a Turance, kuma kulorofom ne babbansu. Wani masanin ruwa a Rotterdam ta ƙasar Holan, Johannes Rook, shi ya bayyana haka a 1974. Bincike ya alaƙanta shan su da yawa, shekara da shekaru, da ciwon dajin mafitsara. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kulorofom a miligiram 0.3 cikin kowace lita.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ana iya hango yawansu tun kafin su samu. Ma'aikatan matatar ruwa suna auna dattin tsirrai da ke cikin ruwan dam, da zafinsa, da yawan kulorin da za a zuba, da tsawon lokacin da zai yi a bututu, sai lissafi ya nuna musu inda abin zai kai. Duk wanda ya ƙaru cikin waɗannan, sinadaran na ƙaruwa. Gidan da ke can ƙarshen bututu ya fi samun su, ga shi kuma kulorinsa ya kusa ƙarewa.

Na ce wa Hajiya, ke ma a gida idonki ma'auni ne. Ki dubi ruwan rafi bayan ruwan farko na damina, lokacin da ya kwaso duk ƙazantar da rani ya tara, ya yi ja kamar shayi. Irin wannan ruwa shi ke cinye kulorin, har a ce a ninka ƙwayar, kuma shi ne mai haifar da sinadaran nan fiye da kowane. Ruwan burtsatse garai-garai bai cika wannan matsala ba.

To kada wannan ya sa kowa ya jefar da maganin. Na yi aiki a lokacin ɓarkewar kwalara, na ga yadda take tsotse yaro tsakanin asuba da la'asar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta faɗa ƙarara cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta don gudun waɗannan sinadarai.

Na nuna wa Hajiya yadda za ta yi. Ta bar ruwan ya kwanta a bokiti, ko ta sa masa ɗan alif ko dakakken ƙwallon zogale ya ja dattin ƙasa. Ta tsiyaye na sama ta cikin tsabtataccen ƙyalle zuwa jarka, sannan ta jefa ƙwayar daidai yadda aka rubuta a jikin fakitin. Masu ƙara ƙwaya "don ya fi ƙarfi" su daina. Ta jira minti 30, ta rufe, ta ajiye a inuwa, kuma ta haɗa na kwana ɗaya ko biyu kawai.