Yawan limfosayit a jinin tsofaffi

Limfosayit wani rukuni ne na fararen ƙwayoyin jini da ke kare jiki daga cuta. A jinin baligi akan samu tsakanin 1,000 da 4,000 a kowace maikirolita. Abin da ya haura haka shi ake kira yawan limfosayit. Galibi a takardar gwajin jini ake tsintarsa, a wajen dattijon da ciwon suga ko hawan jini ya kawo asibiti.

Kuskuren farko shi ne dogara da kaso cikin ɗari. Ainihin adadin ake nema, wato a ninka jimillar fararen ƙwayoyin da kason. Mai 12,000 da kaso 60 yana da 7,200, ya yi yawa. Mai 5,000 da kaso 60 kuwa 3,000 gare shi, lafiya lau.

A wajen yaro ko matashi, yawanci kamuwa da ƙwayar cuta ce ke jawo shi, kuma yakan sauka da kansa. Tsoho ma hakan na samunsa: ciwon hanta, tarin fuka, ko zazzaɓin maltiya da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba. Bugun zuciya ko mummunan rauni kan ɗaga adadin na ɗan lokaci, cire saifa kuma kan bar shi a sama. Amma idan aka sake gwaji bayan wasu makonni bai sauka ba, zato ya koma kan sankarar jini mai tafiyar hawainiya da likitoci ke kira CLL, wadda aka fi ganowa a wajejen shekara 70.

Likita zai lalubi kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, ya taɓa saifa da hanta. A Sudan nan ne ake yawan rikicewa. Babbar saifa a ƙauyukan Gadarif takan sa a tuna da kala'azar (cutar da cizon wani ɗan ƙaramin ƙuda ke yaɗawa), a gonakin Jazira a tuna da bilhaziya, a Maiwurno da sauran garuruwan bakin kogi kuma a ɗora wa zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ma idan ya daɗe yakan kumbura saifa har ya ɗaga limfosayit. Duk zato ne mai tushe, sai dai bai kamata ya hana shafa jini a gilashi a duba ba. A CLL ana ganin ƙananan ƙwayoyi masu kama da juna, da wasu da suka murƙushe wajen shafawa.

Tabbaci yana zuwa ne daga gwajin filo-saitometiri, wanda na'ura ke tantance ƙwayoyin jini ta alamomin da ke jikinsu. Ana ɗibar jinin a kwalba mai murfi shunayya, a kai shi cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da an daskarar ba, don ƙwayoyin da suka mutu ba sa karantuwa. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tsananta wahalar wannan jigila. Idan aka samu ƙwayoyin B (wani nau'in limfosayit) 'yan asali ɗaya 5,000 ko fiye a kowace maikirolita, ɗauke da alamomin CD5 da CD19 da CD23, har tsawon wata uku, CLL ce. Ƙasa da 5,000 ba tare da kaluluwa ba ana kiransa MBL, wato matakin da bai kai CLL ba, kuma ko a cikin masu adadi mai yawa, mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ne ke kaiwa ga buƙatar magani a shekara.

Iyalai kan kaɗu idan aka ce sankara ce amma ba za a fara magani ba. Haka ne daidai: fara shi da wuri ga marar alamu bai ƙara tsawon rai ba. Ana farawa idan himogilobin (ma'aunin ƙarancin jini) ya faɗi ƙasa da 10, ko ƙwayoyin daskarar da jini suka gaza 100,000, ko limfosayit ya ninka cikin ƙasa da wata shida, ko mutum ya rasa kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa a wata shida, ko zazzaɓi da zufar dare suka ƙi ƙarewa.

Mai CLL da ke shirin aikin Hajji zai iya karɓar allurar sanƙarau, amma ta shawara rayayyiyar ƙwaya ce a cikinta, don haka ba a yi masa ita; takardar uzuri zai nema daga likitansa.