Tashin cutar Crohn gabanin aikin Hajji

Cutar Crohn kumburin hanji ce mai daɗewa, wadda garkuwar jiki ke afka wa hanyar abinci, kuma tana iya kama kowane sashe tun daga baki har dubura, ko da yake ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji. Ta samo sunanta daga likita Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a birnin New York na Amurka a shekarar 1932. Yawanci tana fara bayyana ne a ƙuruciya, tana lafawa na wani lokaci, sannan ta taso da murɗar ciki, gudawa, zazzaɓi, rama da kasala. Ga Hausawa mazauna Makka da Madina da Jidda, da kuma baƙi masu zuwa sauke farali, tashinta dab da Zulhajji matsala ce babba, domin Hajji ibada ce mai ƙayyadadden lokaci.

Abubuwan da aka sani suna tayar da ita sun haɗa da barin magani saboda an ji sauƙi, shan taba, kamuwa da ƙwayar cutar hanji, da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda mutane ke saya ba tare da takardar likita ba. Damuwar shiri ma tana tsananta alamomin. Sai dai ba kowace gudawa ce tashin cutar ba, shi ya sa likita ke fara gwada jini da bayan gida kafin ya ƙara magani. Akwai kuma tarin fuka na hanji, wanda ke kama da Crohn ƙwarai, don haka ana bincikarsa kafin a fara allurai masu danne garkuwar jiki.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lissafin lokaci, domin kowane magani da irin tafiyarsa. Prednisolone yana kwantar da kumburi cikin kwanaki, ana kuma rage shi a hankali tsawon kusan mako takwas, amma yana hana barci, yana tayar da sukari, kuma yanke shi farat ɗaya haɗari ne. Azathioprine kan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin amfaninsa ya bayyana. Infliximab ana ba da shi ta jijiya a asibiti, da farko sau uku cikin mako shida, daga nan duk bayan mako takwas, don haka ana iya tsara shi ya faɗo kafin fita Mina. Adalimumab kuwa allura ce ta ƙarƙashin fata duk mako biyu, wadda ake ajiyewa a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, abin da ba ya samuwa cikin sauƙi a tanti. Wanda ya ga likitansa tun watan Rajab ko Sha'aban yana da zaɓi da yawa. Wanda ya bari sai Zulƙi'ida, sau da yawa abin da ya rage masa prednisolone ne kawai.

Batun rigakafi ma yana buƙatar kula. Allurar sanƙarau da Saudiyya ta wajabta wa mahajjata ba ta ɗauke da ƙwaya mai rai, don haka babu laifi a yi ta, aƙalla kwana goma kafin tafiya. Allurar zazzaɓin shawara kuwa, wadda ake nema daga masu zuwa daga ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar, tana da ƙwaya mai rai, kuma ba a yi wa wanda ke kan magani mai danne garkuwa, irin waɗanda aka ambata a sama.

A filin ibada, babbar barazana ita ce ƙarewar ruwan jiki. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu, alhali mai gudawa yana asarar ruwa da gishiri fiye da kowa. Ga kuma layin banɗaki a Arfa da Muzdalifa, inda mutum zai tsaya da buta a hannu, cikinsa na murɗawa, harami fari a jikinsa, kunya ta hana shi roƙon a ba shi wuri. Wannan kunyar ce ke sa wasu su daina ci da sha gaba ɗaya, wanda kuskure ne mai tsada. Abin da ya dace shi ne ruwan gishiri da sukari a kai a kai, da abinci kaɗan-kaɗan marar nauyi kamar kunu, farar shinkafa da dafaffen ƙwai, tare da nesantar yaji da maiƙo. Wanda hanjinsa ya ƙuntata ya yi hattara da gyaɗa, ɗanyen ganye da yawan dabino.

Shari'a ta yi sassauci a nan. Aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana ta rataya wajabcin Hajji a kan iko, kuma lafiya tana cikin iko. Malamai sun halatta wa marar lafiya ya wakilta wani a jifa, ya bar Muzdalifa da dare tare da masu rauni, ya yi ɗawafi a kan keke. Hukuncin tsarki ga mai yawan fitar najasa yana da bayani na musamman a littattafan fiƙihu, kuma ya kamata a tambayi malami tun kafin a ɗaura harami.

Wasu alamomi ba sa jiran a kammala ibada: amai tare da kumburin ciki da rashin fitar bayan gida ko iska, zazzaɓi mai zafi, zubar jini mai yawa, ko jiri da ƙarancin fitsari. A irin wannan hali ana kiran motar asibiti ta lamba 997, yayin da lamba 937 ta Ma'aikatar Lafiya take ba da shawarar likita ta waya. Rahoton likita da Larabci ko Turanci, mai ɗauke da sunayen magunguna da adadinsu, ya kasance a jakar da mahajjaci ke ratayawa, ba a akwatin da aka bari a masauki ba.