Takardun manhajar jiragen yaƙi: tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Wai me ake dubawa a takardun nan da ke bayanin yadda manhajar jirgi ke aiki?

Ko abin da aka rubuta ya yi daidai da manhajar da ke cikin jirgin yau. Shi ke nan.

Manhaja ai ba ta tsatsa, mene ne na damuwa?

Ba ta tsatsa, amma waɗanda suka rubuta ta suna yin ritaya. Jirgin B-52 na Amurka ya fara aiki a 1955, kuma ana shirin ci gaba da tashi da shi har shekarun 2050. Akwai manhajarsa da aka rubuta da JOVIAL, wani tsohon yaren kwamfuta. Je ku nemo min matashin injiniyan da ya iya shi, ina jira.

Gwaji bai wadatar ba?

Gwaji abin da aka rubuta a takarda yake bi. A Fabrairun 2007 jiragen F-22 suka tashi daga Hawai zuwa Okinawa, suna ƙetare layin canjin kwanan wata kwamfutocinsu suka rikice, sai da suka bi jiragen da ke ba su mai a sama suka koma Hawai.

Takarda ta ce kaza, manhaja na yin wani abu daban. Wanne za mu gyara?

To, nan kam a bi a hankali. Kada ku taɓa ko ɗaya tukuna. Ku fara tabbatar da sigar manhajar da ke cikin wannan jirgin, da lambarsa, domin jirage iri ɗaya a rumfa ɗaya kan ɗauki siga daban-daban. Sannan ku bi tarihin canje-canje. Sau da yawa manhajar ce ke da gaskiya: an yi gyara cikin gaggawa, an manta da takarda. Amma ba kullum ba. Wani lokacin kuskure ne ya daɗe har matuƙa suka saba da shi, kuma cire shi ma canji ne da ke buƙatar sabon gwaji. In ba ku sami dalili a rubuce ba, ku rubuta cewa ba ku samu ba, ku miƙa wa mai ikon sa hannu. Ba abin kunya ba ne. Abin da ba na yafewa shi ne a gyara takarda shiru don ta dace.

Mu da muke sayo jirage, ina ruwanmu?

Haba malam. Najeriya ta karɓi jiragen Super Tucano 12 a 2021, kuma gyaransu na shekaru ne. Amurka kanta tana fama da kamfanin Lockheed Martin kan bayanan fasahar jirgin F-35 da yake ƙera mata. Tun kafin a sa hannu a kwangila ake neman takardu.