Baƙo Raɓa? Abin da Doka Ta Ba Wanda Ya Koma Sabon Gari, da Inda Ta Tsaya

Ranar da motar kayanmu ta iso Gombe daga Azare, ba mu gama sauke katifu ba maƙwabcinmu, wani dattijo mai facin taya, ya leƙo ya ce, "Malam, sannu da hanya. In kun kintsa ka zo in raka ka wajen Mai unguwa." Bayan la'asar muka je. Na durƙusa na ce ranka ya daɗe. Ya tambayi sunana, garinmu, sana'ata, da gidan wa na kama haya. Ya sa yaronsa ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango, sannan ya ce, "To Malam, kun zama namu."

Tsarin mulki bai ce sai baƙo ya je gaban Mai unguwa ba. Al'ada ce, kuma mai hankali ba ya ƙinta, don ranar da ɓarawo ya haura maka katanga ko mai gida ya tayar da rigimar haya, wannan littafin ne zai nuna ba daga sama ka faɗo ba. Amma izinin zamanka a gari ba daga hannun Mai unguwa ya fito ba. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya ba ka: kowane ɗan Najeriya yana da 'yancin zirga-zirga a duk faɗin ƙasar, da zama a duk inda ya so. Ba a ce sai da aiki ba, ba a ce sai da dangi a garin ba. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, da ɗan kasuwar da ya biyo cinikin hatsi, da iyalin da rikici ya koro daga Borno ko Yobe suka yada zango a Gombe, duk inuwa ɗaya suke ciki. Togaciyar tana Sashe na 45, wanda ya yarda a taƙaita wannan 'yanci da doka saboda tsaro, zaman lafiya ko lafiyar jama'a. Daga nan dokar hana fita take samun gindin zama, haka ma rufe iyakokin jihohi da aka yi lokacin korona a 2020.

"Kun zama namu" ta yi aiki sosai. Aka nuna mana mai ruwan da ba ya ha'inci a jarka, aka sa matata cikin adashin matan layi, ranar sunan autarmu kuwa maƙwabta ne suka feɗe ragon. Yara suka shiga firamaren gwamnati ba tare da an tambayi asalin kakansu ba, kuma haka ya kamata, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 cewa ta yi kowane yaro mai shekarun firamare da ƙaramar sakandare gwamnati ta ba shi karatu kyauta kuma dole. Kowane yaro aka ce, ba ɗan jiha ba. Harajin albashina shi ma ya bi ni: ƙa'idar ita ce jihar da ma'aikaci yake zaune ita ke karɓa, ban da irin su 'yan sanda da nasu ke zuwa tarayya. Wato Gombe nake biya, ba Bauchi ba. Katin zaɓe ne kawai ba ya bin mutum da kansa. Sai ka nemi INEC ta mayar da rajistarka mazaɓar da ka koma, a lokacin da ta buɗe rajista. In ka yi sakaci, ranar zaɓe ko dai ka hau mota ka koma tsohon garinka, ko ka zauna a ƙofar gida kana jin sakamako a rediyo.

Sai maganar fili, inda baƙo ya fi shan ciwo. Sashe na 43 ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar gida ko fili a ko'ina a Najeriya. Sai dai "mallaka" a nan tana da nata fassarar. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake samu haƙƙin zama ne da amfani, yawanci na shekara 99 in na gidan kwana ne. A birni gwamna ke bayarwa, a karkara ƙaramar hukuma. Kuma Sashe na 22 na dokar ya ce wanda ke riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Don haka takardar cinikin nan da dillali ya rubuta, shaidu biyu suka sa hannu, Mai unguwa ya buga hatimi, shaida ce cewa ka biya kuɗi, amma ba ita ce ƙarshen zance ba. Kafin ka ƙirga ko sisi, ka je hukumar GOGIS mai kula da bayanan filaye a jihar a duba maka ko filin na wani ne, ko hanya ce aka shata. Wani abu kuma da babu dokar da za ta faɗa maka: kada ka sayi fili a Gombe da rani ba ka tambayi inda ruwa ke bi da damina ba. Kwarin garin nan ba ya duba takarda kafin ya ci gida.

Shekaru suka tafi a haka har babban ɗana ya gama sakandare, ya zo cike fom ɗin neman aikin gwamnatin tarayya. A jerin takardun da ake nema akwai shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira indijin. Muka je ofishin da ake bayarwa. Ma'aikacin, mutum mai fara'a, ya dubi yaron ya ce, "Samari, a ina aka haifi babanka?" Ya ce Azare. "Kakanka fa?" Ya ce can ne. Sai ya turo mana takardun a hankali ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, Katagum za ku je." Wato ƙaramar hukumar da Azare take ciki.

Na fito raina a ɓace, amma mutumin bai yi ƙarya ba. Tsarin mulkinmu da baki biyu yake magana. Baki na farko shi ne Sashe na 42, wanda ya hana doka ko wani matakin gwamnati ya tauye ɗan ƙasa, ko ya fifita shi, saboda ƙabilarsa, garinsu, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Baki na biyu shi ne tsarin raba daidai da ke Sashe na 14, wanda ya ce a tabbatar muƙaman gwamnati ba su taru a hannun jihohi kaɗan ko ƙabilu kaɗan ba. Niyyar mai kyau ce, kuma mu 'yan Arewa mun ci moriyarta ba kaɗan ba. Amma ba a raba abu tsakanin jihohi sai an san wane ne ɗan wace jiha. Nan ne Sashe na 318 ya shigo: mutum na jiha ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin jihar. Bai ambaci inda aka haife ka ba, bai ambaci shekara nawa ka yi kana biyan haraji ba. Sashe na 147 ya ɗora a kai cewa kowace jiha za a ɗauki aƙalla minista ɗaya, kuma ya zama ɗan asalinta. Shi kansa Sashe na 42 ya bar ƙofa a buɗe, don ya ce hanin bai rushe dokar da ta sa sharuɗɗa wajen naɗa mutum muƙamin gwamnati ko ɗaukarsa soja ko ɗan sanda ba.

Kundin bai faɗi yadda ake gane "al'ummar asali" ba, bai kuma ambaci wata takardar indijin ba. Ƙa'idojin Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ne suka ce ɗan asalin ƙaramar hukuma shi ne wanda iyayensa ko kakanninsa 'yan can ne, ko wanda ƙaramar hukumar ta karɓa a matsayin nata. Wannan jimla ta ƙarshe ce ta sa abin ya bambanta daga wuri zuwa wuri: wani ya yi shekara talatin a ba shi, wani a haifi ubansa a garin a hana shi. Kuma kafin takardar ta fita, yawanci sai Mai unguwa ko Jauro da Hakimi sun shaide ka. Matar aure ma, a lissafin tarayya, jihar iyayenta take ci gaba da amsawa, ba ta mijinta ba.

Abin dariyar a wajena shi ne, kafin 1 ga Oktoba 1996, ranar da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Gombe daga Bauchi, Azare da Gombe jiha ɗaya ce. Da a lokacin na yi wannan ƙaura, ba wanda zai kira ni ɗan wata jiha. Alƙalami ne ya mayar da ni baƙo.

Akwai wani sashe da nake so ƙwarai, na 15, wanda ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin mazauni a duk sassan tarayya. Sai dai yana cikin Babi na 2, kuma Sashe na 6 ya ɗaure hannun kotu daga tilasta abin da ke wannan babi. Alkawari ne da ba ka da inda za ka kai ƙararsa. Sassa na 41, 42 da 43 kuwa suna Babi na 4, kuma Sashe na 46 ya ba ka damar zuwa Babbar Kotu a jihar da aka take maka su. A lura dai, Sashe na 42 doka da aikin gwamnati ya ambata. Mai gidan hayar da ya ce ba ya ba gwauro ɗaki, ko ba ya ba mutanen wani gari, halinsa ne ya nuna, amma da wuya wannan sashe ya kamo shi.

Wani abu da ya kan ba mutane mamaki: a sharuɗɗan takarar gwamna ko ɗan majalisar jiha, kundin ya lissafa zama ɗan ƙasa, shekaru, karatu da jam'iyya, bai sa zama ɗan asalin jiha ba. A takarda, ɗana zai iya neman kujerar majalisar Gombe. Ko jam'iyya za ta tsayar da shi, wannan wata magana ce.

A bakin ofishin nan wani matashi ya biyo mu, ya rage murya ya ce in na kawo "na goro" zai fito mana da takardar kafin Juma'a. Na ce a'a. Takardar da aka samu da ƙaryar asali, ranar tantancewa take tona mai ita, ta ci aikin, wataƙila ta haɗa shi da tuhumar jabu. Da asubar Litinin muka kama hanyar Azare. Wani ƙanen mahaifina ya kai mu wajen Mai unguwar tsohuwar unguwarmu, ya gabatar da yaron da sunan kakansa. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Kai ne na Gomben?" Yaron ya ce, "Ni ne, Baba." Ya jawo fom ɗin ya sa hannu.