Nandigram: Mazaɓar da Ta Ɗaga Mamata Banerjee, Daga Baya Ta Kayar da Ita

Majalisar dokokin jihar Bengal ta Yamma da ke gabashin Indiya tana da kujeru 294, amma da wuya a sami wadda sunanta ya karaɗe ƙasar kamar kujerar Nandigram. Ga wasu tambayoyi da amsoshi kan yadda mazaɓar ta riƙa sauya hannu har zuwa zaɓen 2021, inda Mamata Banerjee, shugabar gwamnatin jihar a lokacin, ta sha kaye a wurin.

Ina Nandigram take, kuma yaya ake zaɓen wakilinta?

Yankin karkara ne a gundumar Purba Medinipur, kudu maso yamma da birnin Kolkata. Kogin Haldi ne ya raba shi da Haldia, garin masana'antu da tashar jiragen ruwa. Galibin mutanen wurin manoman shinkafa ne da masunta, mafi yawansu mabiya addinin Hindu, tare da Musulmi masu yawan da babu ɗan takarar da zai yi wasa da ƙuri'unsu. Ana zaɓe duk bayan shekara biyar, kuma wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ne ya ci, ko da tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Jama'a ba sa zaɓen shugaban gwamnatin jiha kai tsaye. Jam'iyyar da ta sami rinjaye a majalisa ita ke fitar da babban minista daga cikinta.

Wace jam'iyya ce ke da ƙarfi a wurin kafin rikicin filaye na 2007?

'Yan gurguzu ne, musamman jam'iyyar gurguzu ta Indiya, CPI, ƙaramar abokiyar babbar jam'iyyar gurguzu ta jihar, CPI(M), a ƙawancen da ya mulki jihar tun daga 1977. Ba su riƙe kujerar a kowane zaɓe ba, domin jam'iyyar Congress ta karɓe ta a 1996, amma sun dawo da ita a 2001, suka kuma sake lashe ta a 2006. Farin jininsu a karkara ya samo asali ne daga rabon filaye ga marasa gona da kuma yi wa masu noman kashi rajista don kada mai gona ya kore su yadda ya ga dama.

To me ya raba su da manoman da suka daɗe suna mara masu baya?

Maganar gona ce dai, wato abin da ya haɗa su tun farko. Gwamnatin babban minista Buddhadeb Bhattacharjee, wadda ta dawo mulki da gagarumin rinjaye a 2006, ta ƙudiri aniyar jawo masu zuba jari, ta kuma shirya kafa yankin masana'antun sinadarai a Nandigram tare da kamfanin Salim na ƙasar Indonesiya, aikin da ake sa ran zai ci filaye kimanin eka 10,000. A watan Janairun 2007 labarin sanarwar karɓar filayen ya fito daga hukumar raya Haldia, wadda ɗan majalisar tarayya na CPI(M), Lakshman Seth, ke shugabanta. Mutanen ƙauyuka suka kafa kwamitin hana ƙwace filaye, suka haƙa ramuka a kan hanyoyi, suka datse su da itatuwa, har aka yi watanni jami'an gwamnati ba sa iya shiga.

Ranar 14 ga Maris, 2007, dubban 'yan sanda suka nufi ƙauyukan don buɗe hanya, suka yi harbi, mutum 14 suka mutu bisa ƙididdigar hukuma. Gwamnati ta janye shirin daga Nandigram, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A watan Nuwamban shekarar magoya bayan CPI(M) ɗauke da makamai suka sake mamaye ƙauyukan da ƙarfin tsiya, lamarin da ya sa hatta marubuta da masu fasaha na Kolkata, waɗanda suka daɗe suna tare da 'yan gurguzu, suka fito zanga-zanga. Mamata Banerjee, shugabar jam'iyyar Trinamool Congress, wadda ta sha mummunan kaye a zaɓen 2006, ta rungumi wannan gwagwarmaya tare da ta Singur, inda manoma suka yi adawa da ba kamfanin Tata fili don ƙera motoci.

Yaya wannan ya bayyana a akwatin zaɓe?

Bai ɗauki lokaci ba. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2008 Trinamool ta karɓe majalisar gundumar. Ɗan majalisar CPI mai wakiltar Nandigram ya ajiye kujerarsa bayan an zarge shi da karɓar kuɗi, kuma a zaɓen cike gurbi na farkon 2009 Trinamool ta tsayar da Firoza Bibi, wadda ɗanta yana cikin waɗanda aka kashe ranar 14 ga Maris. Ta ci, ta kuma sake ci a 2011, shekarar da mulkin 'yan gurguzu na shekara 34 ya zo ƙarshe, Mamata ta zama babbar minista.

Wane ne Suvendu Adhikari, kuma me ya sa ya sauya sheƙa?

Ɗan gidan siyasa ne mai ƙarfi a gundumar, kuma shi ne ya riƙa shiga ƙauyuka yana haɗa kan jama'a lokacin gwagwarmayar. A 2009 ya kayar da Lakshman Seth a kujerar majalisar tarayya ta Tamluk, wadda Nandigram ke ƙarƙashinta. A 2016 ya tsaya takarar Nandigram a Trinamool, ya ci da tazarar ƙuri'a sama da 80,000, aka naɗa shi ministan sufuri. A watan Disamban 2020 ya koma BJP ta Firaminista Narendra Modi. Abin da aka fi dangantawa da ɓacin ransa shi ne yadda Abhishek Banerjee, ɗan ɗan'uwan Mamata, ya riƙa samun iko a jam'iyyar fiye da tsofaffin da suka sha wuya.

Me ya kai Mamata takara a can a 2021, kuma yaya aka ƙare?

Tana da kujerarta ta Bhabanipur a Kolkata, wadda babu mai barazanar ƙwace ta, amma a watan Janairun 2021 ta sanar a wani gangami a Nandigram cewa a can za ta tsaya. Ƙalubale ne ga tsohon yaronta, kuma saƙo ne ga sauran masu shirin ficewa. Ranar da ta miƙa takardun takara, 10 ga Maris, ta ji rauni a ƙafa, ta ƙarasa yaƙin neman zaɓe a kan keken marasa lafiya da ƙafa a ɗaure.

An kaɗa ƙuri'a ranar 1 ga Afrilu, aka ƙidaya ranar 2 ga Mayu. Da yammacin ranar wasu kafafen labarai sun riga sun ba ta nasara, sai daga baya baturen zaɓe ya bayyana Adhikari da ƙuri'a 110,764, ita kuma 108,808, tazarar 1,956 ke nan. 'Yar takarar CPI(M), Minakshi Mukherjee, ta tashi da ƙuri'a 6,267 kacal a mazaɓar da 'yan gurguzu suka taɓa ɗauka tamkar gida.

A ganina, wannan adadi na ƙarshe shi ne ya fi bayyana abin da ya faru. Ba a kan gona aka yi wannan zaɓe ba, domin manyan 'yan takarar biyu duk suna tinƙaho da gwagwarmayar 2007. Adhikari ya tafi BJP da masu yi masa aiki a rumfunan zaɓe, ya jingina yaƙinsa da addini don tara ƙuri'un mabiya Hindu, sannan da yawa daga cikin tsofaffin magoya bayan gurguzu suka ga cewa shi ne zai iya kayar da Trinamool. Duk da haka, ita ma ta tara ƙuri'a sama da dubu ɗari a gidan abokin hamayyarta, wanda ba ƙaramin abu ba ne.

Tun da ta faɗi, ta yaya ta ci gaba da zama babbar minista?

Jam'iyyarta ta lashe kujeru 213 cikin 292 da aka yi zaɓensu a wannan zagaye, BJP kuwa ta sami 77. Tsarin mulkin Indiya ya yarda wanda ba ɗan majalisa ba ya riƙe muƙamin minista na wata shida, muddin zai ci zaɓe kafin wa'adin ya cika. An rantsar da ita ranar 5 ga Mayu, wanda ya ci Bhabanipur a Trinamool ya sauka ya ba ta wuri, ta kuma lashe zaɓen cike gurbin da aka yi ranar 30 ga Satumba da tazarar ƙuri'a sama da 58,000. Game da Nandigram, an ƙi buƙatarta ta sake ƙidaya, don haka ta shigar da ƙara a Babbar Kotun Kolkata tana ƙalubalantar sakamakon, yayin da Adhikari ya zama jagoran 'yan adawa a majalisar.