Dokar filin kyauta ta Amurka da matsayin matar aure a cikinta

Masu yaɗa cewa wai har yanzu gwamnatin Amurka na raba gonaki kyauta ga duk wanda ya je, don Allah a daina, kar wani ya tura kuɗinsa ga 'yan damfara. Dokar da ake nufi, Homestead Act, shugaban ƙasa Abraham Lincoln ne ya sa mata hannu ranar 20 ga Mayu 1862, kuma an soke ta tun 1976, jihar Alaska kaɗai aka ɗaga wa ƙafa zuwa 1986.

Ko a wancan lokacin ba haka kawai ake miƙa wa mutum fili ba. Eka 160 ce, ga wanda ya kai shekara 21 ko yake riƙe da iyali, ɗan ƙasa ko mai neman zama ɗan ƙasa, ya biya dala 18 kuɗin takardu, ya zauna shekara biyar yana nomawa. Filin ma ai na 'yan asalin ƙasar ne da aka kora.

Masu cewa an hana mata gaba ɗaya su ma ba su faɗi daidai ba. Budurwa, bazawara, da wadda miji ya gudu ya bari duk suna iya nema da sunansu. Matar aure ce aka bari a baya, don doka miji ta sani a matsayin mai gida.

To ga inda abin yake ci min rai. In aka tabbatar an bar wurin fiye da wata shida, shikenan, fili ya koma hannun gwamnati, gini da rijiya da duk wahalar sun tafi a banza. Maza da yawa kuwa dole su fita ƙwadago, aikin layin dogo ko kiwon shanun wasu, sai matar ta zauna da yara a ɗakin da aka gina da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa a dajin Nebraska ko Kansas, ba maƙwabci kusa, tana girki da busasshen kashin shanu saboda babu itace, ita ce tatsa, ita ce kaɗa mai, ta sayar da ƙwai a sayo gishiri da kananzir. Amma ranar da aka kawo shaidu biyu aka ba da takardar mallaka, sunan miji kaɗai ke jiki. Wallahi an tauye ta.

Sassaucin da ta samu shi ne in mijin ya rasu kafin wa'adi, tana iya ƙarasa shekarun ta karɓi takardar da sunanta.